Yawon jirgin ruwa da maraice a tsibirin Santorini

A tsibirin Santorini na ƙasar Girka, fita teku da maraice cikin jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska na daga cikin abubuwan da suka fi jan hankalin masu yawon buɗe ido.

Tafiyar kan ɗauki kimanin sa'o'i biyar, inda jirgin ke ratsa wani makeken kwari da teku ya cike, wanda aman wutar dutse ya haifar kimanin shekaru 3,600 da suka wuce.

Akan yada zango kusa da ƙaramin tsibirin Palea Kameni domin fasinjoji su yi iyo. Ruwan wurin yana da ɗumi, amma yana ɗauke da farar wuta, kuma yakan rina fararen tufafi.

Daga nan sai a ci abincin dare a cikin jirgin, kana a nufi gaɓar ƙauyen Oia domin kallon faɗuwar rana. Sau da yawa akan haɗa da giya da naman alade, don haka mai ƙyamar su kan sanar tun da wuri.

Sai dai yankin ba ya rasa haɗari. Dutsen Nea Kameni ya yi amansa na baya bayan nan ne a 1950, kuma a farkon 2025 jerin girgizar ƙasa sun sa dubban mutane barin tsibirin.

Akwai kuma matsalar cunkoso, abin da ya sa a 2025 gwamnatin Girka ta ɗora harajin Yuro 20 kan kowane fasinjan manyan jiragen ruwa a lokacin bazara.