Eriyar ƙananan taurarin ɗan'adam: abubuwan da ya kamata ka sani

Dish ɗin da ke kan rufin gidajen kallon ƙwallo a Kankiya da Kusada sau ɗaya ake saita shi, a ɗaure noti. Taurarin talabijin, irin su NigComSat-1R da aka harba a Disamban 2011, suna nisan kusan kilomita 36,000, suna tafiya daidai da juyin duniya, don haka kullum wuri ɗaya ake samunsu. Ƙananan taurari kuwa 'yan ɗaruruwan kilomita ne a samanmu, suna zagaye duniya cikin kamar awa ɗaya da rabi. Minti goma ko ƙasa da haka tashar ƙasa ke ganinsu, kuma a ɗan lokacin nan eriya za ta sauke duk abin da suka tara.

Ina za a sa eriyar?

A 2017 aka harba NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta haɗa tare da hukumar sararin samaniya ta NASRDA da wata cibiyar fasaha a Kyushu ta Japan. Santimita 10 ne ta kowace fuska, nauyinsa kusan kilo ɗaya. Lokacin da yake aiki, yana magana a zangon megahaz 437, inda eriya mafi sauƙi ke bukatar tsawon kusan santimita 17. Ka ga ta fi tauraron tsawo ke nan.

Dabarar da masu irin wannan tauraro suka saba yi tana burge ni. Sukan yanko siririn ƙarfe mai lanƙwasa, wani lokaci ma daga tef ɗin awo na magina, su naɗe shi, su ɗaure da zaren roba irin na kamun kifi. Idan tauraron ya fita sarari, wata 'yar waya ta yi zafi ta ƙone zaren, eriya ta miƙe. In zaren ya ƙi tsinkewa, da wuya a sake jin ɗuriyarsa, kuma babu mai hawa ya gyara.

Hoto ya fi murya nauyi

Wannan sanda ta isa ɗan gajeren saƙo, amma hoton gonaki da madatsun ruwa sai zango na sama, wajen gigahaz 8. A nan eriya kan ƙanƙance sosai, sai dai saƙon yana tafiya a tsuke, dole a auna tasha daidai. Shi ya sa NigeriaSat-2, da aka harba tare da NigeriaSat-X ranar 17 ga Agusta, 2011, yake da eriya mai juyawa da kanta tana bin tashar Abuja.

Farantin intanet na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya bi wata hanya: ɗaruruwan ƙananan eriyoyi ne a jere, lantarki ke karkata saitinsu. Amma zangonsa na cikin waɗanda mamakon damina ke raunanawa.

Me ya shafe mu?

Ina ganin a ƙasa ya kamata mu fara. Eriyar sauraron ƙananan taurari sandunan alminiyam ne da ake jerawa bisa awo, aikin da mai walda a Kankiya zai iya idan an ba shi lissafi. EduSat-1 ya ƙone a iska tun 2019, amma irinsa da yawa na wucewa ta saman Katsina kullum a zangon 'yan rediyon sa-kai. Ɗaliban kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya kama saƙonsu da wannan eriya da ƙaramar na'urar karɓa da ake jonawa da kwamfuta.