Kasagi: Daga Dandamali Zuwa Majigi

Kafin 1987, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Zango da Daura da kewayensu duk a ƙarƙashin Jihar Kaduna suke. Can Kadunar kuma a lokacin ita ce matattarar 'yan wasan kwaikwayon Hausa, saboda gidajen rediyo da talabijin da ke cikinta. Cikin waɗanda suka yi tashe a wannan zamani akwai wani Bakatsine, Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda sunan wasansa na Kasagi ya danne na yanka, kamar yadda Samanja ya danne sunan Usman Baba Pategi.

Abin da ya bambanta Kasagi da yawancin tsararrakinsa shi ne, bayan fitowa a wasa, yana kuma riƙe alƙalami. A 1979 kamfanin NNPC na Zariya ya buga masa wasan Kulɓa Na Ɓarna. Labarin wani attajiri ne, Alhaji Ruwan Ido, da ya yi amfani da dukiyarsa ya yaudari 'yar makaranta, Zaliha, ya lalata mata karatu da rayuwa. An sa littafin cikin manhajar Hausa ta sakandare, ɗalibai suka karanta shi a aji, suka kuma yi wasansa a dandamalin makarantu.

Rubutun ɗan wasa daban yake da na malamin da bai taɓa tsayawa gaban 'yan kallo ba. A dandamali ba a cewa a tsaya a sake. In magana ta yi wa baki nauyi, ko ta kasa kaiwa ga na bayan zaure, nan take za ka ga mutane sun fara hira a tsakaninsu. Shi ya sa zantukan wasan suke da sauƙin faɗa, irin na kasuwa da ƙofar gida. A ganina wannan ne ya raya littafin, fiye da darasin da ke ciki, don gargaɗi kan masu kuɗi da 'yan mata ba Kasagi ya fara shi ba.

A farkon shekarun 1990 Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos ta mai da wasan fim na majigi, Brendan Shehu ya ba da umarni. Sai dai fim ɗin ya zo a kan gaɓar canji. Tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a Kano. Shi majigi sai da gidan silima da na'ura, shi kuwa kaset ɗan kasuwa zai zuba shi a jaka ya kai Zango, har ya tsallaka iyaka da shi zuwa Magarya. Harka ta koma Kano, aka samu sababbin fuskoki, waƙa da rawa suka shigo.

Ɗan wasa Kasimu Yero, abokin zamanin Kasagi, ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Shi Kasagi ya rasu a 2021.