Injin Niƙa Nama A Madafar Gida: Abin Da Ya Kamata Mai Gida Da Uwargida Su Sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Niƙaƙƙen nama ya shiga abincinmu sannu a hankali har ya samu wurin zama. Shi ne a cikin samosar buɗa-baki, shi ne a burodin da ɗalibai ke saye a bakin makaranta, shi ne ake mulmulawa a jefa cikin miyar tumatir ranar suna ko walima. Iyayenmu mata sun san dafa nama su kirɓa shi a turmi domin dambun nama, amma niƙa ɗanye aikin inji ne, kuma galibin gidaje a kasuwa suke sayensa a niƙe. A nan ne tambayar take. Tsokar da ke rataye gaban mahauci ido yana iya tantance ta, da launinta da kitsenta da hatimin likitan dabbobi. Da zarar ta bi ta cikin inji, ido ya gama aikinsa, sai dai amana. Wannan ne babban dalilin da ya sa muke ganin ƙaramin injin niƙa nama ya cancanci wuri a madafar Musulmi, matuƙar an san yadda ake zaɓensa da yadda ake riƙonsa.

Me ya sa za mu niƙa da hannunmu?

Ba muna zargin mahautanmu ba ne. Mafi yawansu mutanen kirki ne da suka gaji sana'ar fawa iyaye da kakanni. Sai dai niƙaƙƙen nama abu ne da ke ɓoye algushu fiye da kowane irin nama, kuma ko ƙasashen da ke alfahari da bincike ba su tsira ba. A shekarar 2013 an gano naman doki a cikin kayan abincin da aka rubuta wa naman shanu a ƙasashen Turai da dama, abin ya taso daga binciken hukumar abinci ta ƙasar Ayalan ya kai Ingila da Faransa. A wasu samfurorin har alamar alade aka samu. Mu da muke bin mazhabar Imamu Malik mun san cewa mashhurin zance shi ne ba a cin doki, balle alade da babu saɓani a kansa. A kasuwanninmu abin da aka fi tsoro ya fi wannan sauƙi amma ya fi yawa: a cika kitse da jijiya da tantani, ko a haɗa ragowar jiya da yankan yau, mai saye ya biya kuɗin tsoka ya tafi da abin da ba tsoka ba.

Dalili na biyu lafiya ce. Ƙwayoyin cuta a bayan nama suke zama, kuma wutar gashi ko tafasar miya tana kashe su nan take. Inji kuwa yana ɗaukar na waje ya cusa su cikin kowane lungu, ya kuma buɗe musu fili mai faɗi da za su hayayyafa. Injin da ya wuni a rumfa yana niƙa naman mutum ashirin ba a wanke ba, yana raba wa kowa abin da na farko ya bari. A shekarar 1993 a yammacin Amurka, niƙaƙƙen naman da bai gasu sosai ba ya kwantar da mutane fiye da 700 saboda ƙwayar cutar da ake kira E. coli, yara 4 suka rasu. Alƙur'ani, a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, ya haɗa halacci da tsarki wuri guda a kan abin da za a ci, kuma uwargida mai niƙa namanta ta kama biyun a hannunta.

Akwai na uku, wanda ba a cika faɗa ba. Gidajenmu akwai tsofaffin da haƙori ya yi musu ƙaranci, suna mayar da nama gefen kwano cikin kunya su ce sun ƙoshi. Akwai yaron da ake yayewa, akwai mai jinyar da ke farfaɗowa. Inji yana mayar musu da rabonsu na nama. Kuma rabin kilo da aka niƙa aka haɗa da albasa yana zagaya babban gida, kowa ya samu, abin da yanka-yanka ba zai yi ba.

Na hannu ko na lantarki?

Ana danganta ƙirƙirar wannan inji ga wani Bajamushe, Karl Drais, a ƙarni na 19. Akwai maƙogwaron da ake zuba nama, da murɗaɗɗen ƙarfe mai tura shi gaba, da ƴar wuƙa mai baki huɗu, da faranti mai huji-huji, da zoben da ke ɗaure su duka. A jikin kwali da Faransanci za ku ga an rubuta hachoir à viande.

Na hannu shi ne wanda ake ɗaure wa bakin tebur a juya da hannu. Ba ruwansa da ɗaukewar wuta, ba shi da abin ƙonewa, kuma idan an kula da shi ƴa tana iya gadonsa daga uwa. Ana sayar da shi lamba-lamba: 5, 8, 10, 22 da 32, kuma lambar girman faranti take nufi. Lamba 8 ko 10 ta ishi gida. Lamba 22 da 32 na masu sana'a ne, ko gidan da ke girki da babbar tukunya kullum. A duba ƙarfensa. Na zubi mai rufin kuza yana da ƙarko amma yana tsatsa idan an bar shi da danshi. Wanda aka rubuta wa inox ba ya tsatsa, sai dai ya fi tsada. Na alminiyam marar nauyi yakan bar baƙi-baƙi a jikin nama idan ya fara cinyewa.

Na lantarki ya fi sauri, ya fi dacewa da gidan da ake samosa domin sayarwa ko ake yawan taro. A nan a yi hattara da abu uku. Na farko, wutarmu ta 220 ce, injin da aka kawo tsaraba daga Amurka mai 110 yana ƙonewa da zarar an jona shi ba tare da na'urar rage wuta ba. Na biyu, manyan lambobin wat da ake bugawa a kwali, 1500 ko 2000, galibi ƙarfin da injin ke ja ne a lokacin da ya cije, ba ƙarfin aikinsa na kullum ba. A nemi ƙaramar lambar da ke rubuce a ƙarƙashinsa. Na uku, a zaɓi mai maɓallin komawa baya, domin idan jijiya ta naɗe shi ne zai warware ta.

Ko wanne za a saya, a sa mai shago ya kwance shi a gabanku. A ɗora wuƙar a kan farantin a ga ko sun kwanta daidai babu rata, domin inda rata take nama ba ya yankuwa, dagargajewa yake yi. A tambaya ko ana samun wuƙa da faranti na canji. Inji mai araha wanda ba a samun wuƙarsa a kasuwa, ranar da ta dushe ya zama kwandon ƙarfe. A tabbata kuma akwai ƴar taɓaryar da ake danna nama da ita. Idan na hannu ne na gwanjo, a leƙa cikinsa da fitila a ga ko rufin ya ɓare.

Yadda ake aiki da shi

A sayi nama da safe daga mahaucin da aka sani. A cire ƙashi da guringuntsi da farar jijiya, a bar kitse kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin tsoka zalla takan bushe a wuta. A yanka shi dogo-dogo kamar kaurin yatsa biyu. Idan akwai firiji a sa shi ya yi sanyi sosai har ya ɗan ƙage, domin nama mai ɗumi kitsensa yana narkewa ya toshe huji. Wajen haɗa inji, gefen wuƙa mai kaifi shi ke fuskantar faranti, kuma yawancin kukan da ake yi cewa sabon inji ba ya niƙa daga juya wuƙa yake fitowa. Faranti mai manyan huji, kamar milimita 8, na miya ne. Mai milimita 4 zuwa 5 na samosa da mulmule. Mafi ƙanƙanta na abincin yara da tsofaffi, kuma gara a fara bi da babba sannan a maimaita da ƙarami. Albasa da tattasai da tafarnuwa suna iya bin naman a ƙarshe. Hatsi busasshe da ƙashi ba aikinsa ba ne.

Muna roƙon iyaye mata da babbar murya: yatsa ba ya shiga maƙogwaron inji. Murɗaɗɗen ƙarfen nan bai san bambancin tsokar rago da hannun yaro ba, kuma na lantarki ba ya jira a yi ihu. Yara suna son juya hannun inji, to idan za a bar su su taya, babba shi ne mai zuba nama, da taɓarya. Kafin a kwance na lantarki a zare wayarsa daga bango. A tattare gefen mayafi da hannun riga.

Niƙaƙƙen nama ba ya haƙuri da zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai da Damagaram da Injamena ke wuce digiri 40, kada ya wuce awa ɗaya a waje kafin ya hau wuta. A firiji kwana ɗaya ne zuwa biyu, a wurin ƙanƙara wata uku zuwa huɗu idan wuta ta tsaya, kuma wanda ya narke ya yi ɗumi ba a mayar da shi. Gidan da babu firiji ya niƙa iya abin da za a dafa a lokacin. A dafa shi har cikinsa ya kai digiri 71, kuma babu sauran ja a tsakiya. Mai cusa ɗanye a samosa ya dogara da suyar waje ya yi ganganci, a soya haɗin tukuna.

Wanki shi ne rabin aikin

Da an gama a tura busasshen burodi, zai kore naman da ya maƙale. Sannan a kwance komai, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a bi kowane huji da ƙaramin buroshi ko tsinke. Injin da aka ɗauraye a haɗe yana riƙe nama a bayan wuƙa, gobe ya zama guba ga sabon niƙa. A shanya a rana ya bushe sarai, a shafa wa wuƙa da faranti man gyaɗa kaɗan, a naɗe su a tsumma mai tsabta. Kada a jiƙa na alminiyam a ruwan jabel, yana baƙanta shi. Katakon yanka da wuƙar hannu su ma a wanke su kafin su taɓa latas ko tumatir da za a ci ɗanye.

Daga ƙarshe, idan Allah ya hore muku inji, maƙwabciya za ta aiko aro, musamman a azumi da bayan layya. Malaman tafsiri sun fassara abin da Suratul Ma'un ta zargi masu hanawa da ƙananan kayan gida irin su tukunya da guga da gatari, kuma muna ganin wannan inji ya shiga sahunsu. A bayar da shi a wanke, tare da taɓaryarsa da gargaɗin yara, mai aro kuma ta mayar da shi a wanke, a bushe, da wuƙarsa.

Allah ya sa wa abincinmu albarka, ya ciyar da mu halal, ya kare iyalanmu. Wassalamu alaikum.