TARAGON DUHU DA BINDIGAR HASKE

A Amurka da Turai da Japan akwai waɗansu manyan filayen shaƙatawa, inda mutum kan biya kuɗi a ƙofa ya shiga da iyalinsa, su yini suna hawan lilo iri iri. Cikin wasannin da suka fi jan jama'a a waɗannan wurare akwai wani da ya kamata malaman makaranta su san labarinsa. Wani babban zaure ne a rufe, ba taga ko ɗaya. A kan zaunar da mutum biyu, ko huɗu, ko shida cikin ɗan tarago, ko wanne da bindiga a gabansa. Tarago ya ja su cikin duhu daga wannan ɗaki zuwa wancan, suna harbin dodanni na ƙarya, wani ɗan allo kuwa yana lissafa wa kowa makinsa. Ba harsashi, ba albarushi, ba kuma wanda zai fito da ko ƙwarzane.

Asalin Wasan

Wasanni biyu ne tsofaffi aka gama suka zama ɗaya. Na fari shi ne taragon duhu. A 1928 wani Ba'amurke mai suna Leon Cassidy, a jihar New Jersey, ya fito da ɗan tarago mai tafiya da lantarki bisa dogo guda ɗaya mai lanƙwashe-lanƙwashe, yana ratsa ɗaki mai duhu inda aka ɓoye abubuwan ban tsoro. Da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955, sai aka ƙawata wannan dabara da tatsuniyoyi, har mutum ya ga kamar cikin labarin ya ke tafiya. Amma duk da haka mahayi ɗan kallo ne kurum, ya zauna ya naɗe hannu.

Na biyu shi ne rumfar harbi, inda a ke ba mutum ƙaramar bindiga ya gwada bara. A Disneyland da ƙwayoyin dalma a ke harbi a dā, suna kankare fentin abubuwan da a ke bara, har ya zama dole ma'aikata su bi su da sabon fenti ko wane dare. A tsakiyar shekarun 1980 aka daina dalma aka koma ga haske. Wannan canji shi ya buɗe hanya, gama ba mai hankalin da zai yarda a yi ta sakin dalma cikin duhu, ga taragu cike da yara gaba da baya. Haske kuwa ko ya sami mutum ba ya yi masa kome.

Yadda Bindigar Ke Aiki

Hasken da a ke amfani da shi yana can bayan ja a jerin launukan bakan gizo, idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Irinsa ne ke fita daga rimot ɗin talabijin. In mahayi ya ja kunama, sai bindiga ta aika da wannan haske yana ƙiftawa bisa wani tsari, ko wace bindiga da nata, kamar yadda ko wane akawu ya ke da sa hannunsa. A jikin abin bara akwai ɗan ido na lantarki. In hasken ya faɗa masa, sai ya sanar da kwamfuta cewa bindiga kaza ce ta same shi, kwamfuta ta ƙara maki a allon mai ita. Sa'an nan dodo ya faɗi, ko fitila ta kama, ko ƙararrawa ta buga. Jan ɗigon da mahayi kan gani a bango don ya taimake shi saiti ne kawai.

Wasan da ya sa duniya ta san wannan dabara shi ne Buzz Lightyear's Space Ranger Spin, wanda kamfanin Disney ya buɗe a Fulorida a 1998. An buɗe shi da taragu masu cin mutum biyu biyu, a jere kamar sarƙa suna tafiya a hankali, da wani maɓalli a tsakiya na juya tarago duk inda a ke so. A lokacin allon maki yana da gurbi shida, watau iyakar abin da mutum zai samu 999,999. A 2000 kamfanin Universal ya buɗe nasa, Men in Black: Alien Attack, shi ma a Fulorida. Nan mutum shida ke shiga tarago guda, taragu biyu suna tafiya tare suna gasa, in an harbi wani wuri a jikin taragon abokan hamayya sai ya kama juyawa da su, saitinsu ya ɓaci.

A 2008 Disney ya zo da Toy Story Midway Mania, inda abubuwan bara suka koma hotunan majigi. Mahayi ya sa tabarau na musamman, ya riƙa fizgar igiya a gindin wata 'yar igwa, ya ga ƙwallo ta fita ta fasa faranti, alhali ba ƙwallon, ba farantin. Amfanin wannan ga masu wurin shi ne sauƙin canji: a 2010 sun musanya ɗaya daga cikin wasannin da sabo ba tare da an rushe gini ba. Daga baya ma aka ajiye bindigar. A wasan Ninjago na Legoland, a 2016, da na Spider-Man a Kalifoniya, a 2021, hannu kawai mutum ke wurgawa, na'ura ta karanta motsinsa.

Dalilin Kashe Kuɗin

To, me ya sa kamfanoni ke zuba dukiya a kan wannan? Taragon duhu na dā yana da aibi guda: wanda ya shiga sau ɗaya ya riga ya san inda dodo zai ɓullo, ba abin da zai komo da shi. Amma wanda ya fito ya ga ƙanensa ya fi shi maki, lalle zai koma layi. Ga shi kuma yawancinsu tafiyar a hankali ce, kaka da jika suna iya zama tarago guda. Da 'yan lambobi a kan allo aka mai da ɗan kallo ya zama ɗan wasa.

Sai dai abin yana da nasa farashi. Taura biyu ba ta taunuwa. Masu zane da masassaƙa kan yi watanni suna gyara ɗaki guda, amma mahayi ya wuce ta ciki idonsa na kan ɗan da'irar da zai harba. In ka tambaye shi a bakin ƙofa abin da labarin ya ƙunsa, da ƙyar zai faɗa maka. Makinsa kuwa ya haddace shi sarai. Don haka labarin irin waɗannan wasanni kan zama gajere ƙwarai: ga mugu, ga bindiga, a harba. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne, hankalin mahayi kuwa allon maki ya riga ya saye shi.

Abin Lura Ga Malamai

Akwai darasi biyu a nan. Na ɗaya, yaro kan yi harbi ɗari cikin minti kaɗan ba gajiya, domin ko wane harbi yana ganin sakamakonsa nan take, ya gyara hannu ya sake. A gwada wannan da littafin aikin da malami ya karɓa ran Litinin, bai mayar ba sai bayan mako biyu. Kafin nan yaro ya manta ma abin da aka tambaye shi, kuskurensa kuwa ya riga ya zauna. Gyaran da aka yi da wuri, ko da da baki ne a cikin aji, ya fi jan alƙalami mai zuwa a makare.

Na biyu ya fi nauyi. Duk inda aka sa maki, can idon yaro zai tafi, ya bar sauran. In malamin tarihi ya sa makinsa duka a kan shekarun da sarakuna suka hau gadon sarauta, almajiransa za su haddace shekaru, ba za su san dalilin yaƙi ko sulhu ba. In malamin lissafi amsa kaɗai ya ke dubawa, yara za su koyi kwafar amsa, su bar hanyar samunta. Masu ƙera waɗannan wasanni sun san haka, shi ya sa su kan ɗora maki mai yawa a kan abin da ke nesa, ko ƙarami, ko ɓoyayye, domin su tilasta wa mahayi ya ɗaga kai ya duba ɗakin duka.

Saboda haka kafin malami ya rubuta jarrabawar ƙarshen zango, ya dace ya zauna ya duba inda ya ajiye makinsa mafi yawa, ya tambayi kansa ko nan ne ya ke so yaransa su duba. Gama abin da ya ba maki, shi ya koyar, ko ya nufa ko bai nufa ba.