GAZ A CIKIN GIDA: A AUNA TIYO KAFIN A KUNNA WUTA

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Tebaram ya ga yadda itace ya ƙaranta a arewacin Adar, ya ga mata da jakuna suna nisan tafiya don neman abin girki. Tun taron Maradi na 1984 hukuma take kira a kare itatuwa daga sara. Da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ɗin ƙasarmu ya shiga gidaje cikin tukwane masu kilo 6 da kilo 12,5.

To, amma wata matsala ta biyo baya. Maigida yakan sayi tukunya guda, ya ɗaura mata risho, ya ƙara fitila, ya ƙara firigo, duka da siririn tiyo guda. Sai uwargida ta kunna kai na biyu, wutar na farko ta kwanta. A ce gaz ya ƙare, alhali tukunya cike take.

Manomin albasa ya san dalili. In rijiya guda za ta shayar da fangali goma ta ƙaramar hanya, na ƙarshe ba ya samun ruwa. Haka gaz yake: tiyo in ya yi tsawo ko ya yi ƙunci, ƙarfin iska yakan ragu kafin ta isa.

Saboda haka lissafi ne farkon aiki. Kan risho matsakaici yana cin kimanin giram 150 a awa. Risho mai kai uku ke nan giram 450. Fitila tana cin wajen giram 50, firigo kuwa bai kai giram 20 ba. Jimla ta haura giram 500. Da wannan jimla ake aiki, kamar an kunna kome lokaci guda.

Sannan a duba detandar, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin tukunya don rage ƙarfin iska. A jikinsa an rubuta ƙarfinsa, milibar 28, da abin da yake iya fitarwa a awa. Mai giram 500 bai isa gidan nan ba. Sai mai giram 1.300.

Tiyon roba kada ya wuce mita 2, kuma a karanta shekarar ƙarewarsa da ke jikinsa, domin zafin Adar yana fasa roba da wuri. In nisa ya fi haka, sai ƙwararre ya ja bututun jan ƙarfe: mai faɗi daga tukunya, ƙanana zuwa kowane abu, kowanne da makullinsa. Bututun da faɗinsa ya ninka yana ɗaukar gaz fiye da ninki huɗu.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A gidan likitan ƙauye, in wutar firigo ta mutu da dare, allurar rigakafin yara ta lalace. A ɗaki kuwa, gaz ya fi iska nauyi: in ya zuba, ƙasa yake kwanciya yana jiran ashana. Don haka da ruwan sabulu ake gwada mahaɗa; inda kumfa ya taso, nan yake yoyo.

Ƴan uwa masu karatu, wanda ya iya lissafi ya taimaki maƙwabcinsa. Mun bar gatari don mu ceci daji. Kada ganganci ya ci mana gida.