Ƙwayoyin Ƙayyade Iyali Da Lafiyar Ƙashin Mata Masu Shekaru

Tun daga shekarar 1960 da aka fara amfani da ƙwayoyin hana ɗaukar ciki a Amurka, mata da yawa da suka sha su a ƙuruciya yanzu sun manyanta, wasunsu kuwa suna zargin cewa su ne suka jawo musu ciwon baya da saurin karaya.

Likitoci sun bayyana cewa ƙashin ɗan Adam yana kai matuƙar ƙarfinsa ne wajen shekara 30. A jikin mace, sinadarin da ake kira istirojin shi ke tsare wannan ƙarfi. Idan haila ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai sinadarin ya ragu ƙwarai, ƙashi ya fara zaizayewa ba tare da wani zafi ba, har wata rana ɗan tuntuɓe ya karya ƙugu ko wuyan hannu. Wannan shi ne ainihin tushen matsalar.

Ita ƙwayar da aka fi sha tana ɗauke da istirojin ɗin, don haka ba a same ta da laifin rage ƙarfin ƙashin macen da ta gama girma ba. Hasali ma, takan taimaka wajen riƙe shi ga wadda ta haura shekara 40.

Amma allurar Depo-Provera da ake yi duk wata uku daban take, domin tana rage istirojin, ƙashi kuma ya ɗan yi rauni. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka, ko da yake ƙarfin yakan dawo bayan an daina allurar.

Sai dai fa ba a shan ƙwayar don gyaran ƙashi. Macen da ta wuce shekara 35 tana shan taba, ko mai hawan jini, tana cikin haɗarin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki idan ta sha, kuma akan dakatar da ita a shekara 50.

Abin da ke raya ƙashi ba boyayye ba ne: nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale, riɗi, tafiyar ƙasa da shan hantsi. Wadda kuwa ta kusa daina haila, ta nemi shawarar likita kafin ta zaɓi ƙwaya ko allura. Rigakafi dai ya fi magani.