Wankin Hoto ta Waya: Wa Ya Ci Ribar a Kura da Bunkure?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya kama bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, manomin yankin ya daina jiran damina kaɗai. Ga shinkafa, ga tumatir da alkama da rani. Idan amfani ya yi kuɗi sai a ɗaura aure, a yi suna da walimar sauka, kuma kowanne da mai hoto a gefe. Sana'ar hoto a nan da ruwan Tiga take tashi, da shi take kwanciya.

A zamanin fim, mai hoto kan tara aikinsa ya hau mota zuwa Kano, ya kai wa masu injin wanki, ya koma karɓowa. Da kyamarar zamani ta zo, memori ya maye gurbin fim, amma tafiyar tana nan. Sai a 'yan shekarun nan aka yanke ta. Yau daga shagonsa yake tura hoto, ya faɗi girman da yake so, ya yi tiransifa, direban da ke bin titin Zariya ya sauke masa ƙunshin a tasha.

A Turai da Amurka an ƙera wa ƙananan gidajen wanki manhajoji na musamman: mutum ya loda hotunansa a shafin shago, ya zaɓi girma da takarda, ya biya da kati, aikin ya faɗa injin kai tsaye. Irin wannan bai yi saiwa a nan ba, WhatsApp ne ya ɗauke aikin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajar Turawa tsayayyen farashi take so, mu kuwa ba a sallamawa sai an taya. Tana son a cike gurabe da Turanci, alhali saƙon murya na rabin minti ya isa a ce "a ɗan haska fuskar amarya, a cire mutumin da ke bayanta". Ba ta san "kawo rabi, in an sayar da shinkafa ka cika" ba. Sannan kuɗin hayarta da dala ake biya.

Shekarar 2023 ce ta ƙarasa tura mutane. A farkonta canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har wanda bai taɓa yarda da kuɗin waya ba ya buɗe OPay ko Moniepoint. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Daga nan shiga birni saboda firem biyu ya zama asara ƙarara.

Sauƙin kuwa ya zo da haraji, kuma hoton ne ke biya. Idan aka tura hoto yadda aka saba, WhatsApp kan matse shi ya dawo wajen ɗigo 1,600 a tsawo, ko da kyamara ta ɗauke shi da 4,000. Wanki mai kyau na son ɗigo 300 a kowane inci, wato abin da ya isa can bai wuce na inci 5 da 'yan kai ba. A fuskar waya ba a ganin komai. Sai an buɗa shi ya zama firem ɗin falo: zanen lalle ya cakuɗe, aikin leshi ya dusashe, gefen ɗankwali ya yi tsani-tsani. Daga nan rigima, mai wanki ya ce haka aka turo, mai hoto ya ce injin ne. Maganin kuwa yana cikin wayar. Tun 2022 ana iya tura fayil har mai nauyin gigabait 2 a matsayin dokumen ba tare da an taɓa shi ba, a 2023 kuma aka ƙara maɓallin HD. Sai dai cikakken albam na cin data, sabis a ƙauyukan da ke nesa da titi sai a hankali, ga ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Da yawa sun san hanyar, aljihu ne ke hana su bi.

To wa ya ci ribar? A ganina babban gidan wanki na birni ne. Injin Noritsu ko Fujifilm ya fi ƙarfin ɗan shagon Bunkure, kuma ba ya fitar da kuɗinsa sai da aiki mai yawa. Yanzu waya na kwaso masa aikin ƙananan hukumomi ba tare da ya buɗe reshe ba. Mai hoton karkara ya huta da zirga-zirga, amma ƙofar da ta buɗe masa ta buɗe wa kwastomansa. Ango mai waya mai kyau, in ya samu lambar mai wanki, me zai nema wurin ɗan tsakiya? Abin da ya rage wa ƙaramin shago shi ne abin da ba ya jira: hoton fasfo. Da firinta irin Epson L805 da ɗan sola ko janareta, cikin minti kaɗan an ba ɗalibi ko manomi mai cike fom ɗin ƙungiya hotonsa. Shi ma ana ta zaizaye shi, domin banki da ofishin katin ɗan ƙasa da kansu suke ɗaukar fuska. Ga takarda da tawada duk daga waje, farashinsu na bin dala tun da aka saki naira a Yunin 2023.

Akwai kuma abin da masu sana'ar ba su cika ɗagowa ba. A da negatif ɗaya ne, an san hannun da yake. Yau hoton kamu, wanda aka ɗauka cikin mata zalla, yana wayar mai hoto da ta yaronsa da kwamfutar gidan wanki, wani lokaci da ta mai gyara a wani gari. A inda matar aure ba ta son baƙo ya ga adonta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokar kare bayanai ta ƙasa da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su, amma tsakanin shagon Kura da na birni babu takarda, babu ranar gogewa, sai amana. Waya guda ta ɓata a kasuwar Kwanar Gafan, ko a kai ta gyara ba a kulle ba, hotunan gidaje da dama sun shiga hannun da ba a zaɓa ba.